Indiyar da Fim Bai Nuna Maku Ba

Ƙannena, samari da 'yan matan Ɗanzomo da kewaye, da ku nake yau. Maganar ta shafi wata ƙasa mai nisa, wadda kuma babu ranar Allah da ba ku taɓa kayanta da hannunku. Babur ɗin Boxer da ke kai ku Sule Tankarkar ko Gumel na kamfanin Bajaj ne, da ke birnin Pune. Darbejiyar da ake hutawa a inuwarta a bakin kasuwa itaciyar Indiya ce, zamanin Turawa aka kawo mana ita. Geron Sosat da iyayenku suka karɓa saboda yana nuna da wuri, akwai hannun cibiyar ICRISAT wajen samar da shi, ita kuwa uwar cibiyar tana kusa da Haidarabad tun 1972, da rassa a Kano da Sadore ta Nijar. Ku juya kwalin maganin da aka sayo a kemis ku duba inda aka yi shi. Wanda ya karanta Ƙisasun Nabiyyin a Islamiyya, littafin Abul Hasan Nadwi ya karanta, malamin birnin Lakno. Haka Ar-Rahiƙul Makhtum da malamanmu ke karantar da tarihin Manzon Allah (SAW) da shi, Safiyur Rahman Mubarakfuri ne ya rubuta shi, shi ma Ba'indiye.

Sai kuma fim, wanda ya fi duk waɗannan shiga ranku. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo fina-finan Indiya sinimomin Kano, kakanninku suka kalli Mother India na 1957 suka yi kuka. Yau kuwa ku leƙa shagon mai caji bayan sallar isha'i. Farantin sola a kan rufi, wayoyi jere a kan katako kowace da 'yar takarda mai lamba, kwamfuta a kusurwa, yaro ya miƙa memori ya ce a cika masa fassara, sababbi kawai. Yaron nan ya san jarumi, ya san matar jarumi, ya san fim ɗin da ya faɗi a kasuwa. Amma tambaye shi da wane harshe aka yi Baahubali da RRR kafin a mayar da su Hausa. Da wuya ya san da Telugu ne, harshen mutanen kudu, ba Hindi ba. Da wuya ya san tsarin mulkin ƙasar ya lissafa harsuna 22, ko kuwa Musulmin Indiya, da suke kashi 14 cikin 100 a ƙidayar 2011, sun fi Musulmin Nijeriya yawa nesa ba kusa ba. Mun zama kamar wanda ya shekara sittin yana zuwa biki gidan mutane, ya haddace waƙoƙinsu da rawarsu, bai taɓa zama ya tambayi asalin masu gidan ba.

Ba hana ku kallo na zo yi ba. Abin da nake roƙo shi ne ƙasar da kuka daɗe kuna ba ta ido, ku ba ta kunne ma. Akwai abin da ake kira fodkas, wato shirin sauti da ake ajiyewa a intanet kashi-kashi, ka sauke a wayarka ka saurara lokacin da ka ga dama, ka tsayar, ka mayar baya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mu mutanen rediyo ne. BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007, kuma akwai dattawa a garin nan da ba su taɓa zama a benci a aji ba amma za su warware maka rikicin Falasɗinu dalla-dalla, don sun shekara arba'in rediyo na rataye a kafaɗarsu. Kunne ya girmi kaka. Bambancin kawai shi ne su sai abin da gidan rediyo ya zaɓa masu, ku kuwa zaɓi yana hannunku. A Hausa ma an fara, jaridar Aminiya tana da Najeriya a Yau da Daga Laraba. Sai dai na tarihin Indiya, mafi nagartar da ake samu da Turanci suke, kuma zan zo kan wannan.

Mai farawa ya fara da Incarnations, wanda masanin tarihi Sunil Khilnani ya yi wa BBC a 2015 da 2016. Mutum 50 ya ɗauka, tun daga Buddha har zuwa attajirin nan Dhirubhai Ambani, kowane mutum kimanin minti 15. Gajere ne, kuma maganarsa a natse take. A ciki za ku haɗu da Malik Ambar, wanda aka haifa a Habasha wajen 1548, aka sayar da shi bawa yana yaro, ya bi ta Bagadaza ya isa Indiya, ya zama sojan haya, daga ƙarshe ya zama mai juya daular Ahmadnagar, ya hana sarakunan Mughal cin yankin Dekan har ya rasu a 1626. Baƙin mutum irinku, a tsakiyar tarihin Indiya. A fim kuwa kun san matsayin da ake ba mai baƙar fata.

Idan kunne ya saba, sai ku koma Empire, na William Dalrymple da Anita Anand, wanda suka fara a 2022. Kashinsa na farko kan yadda Ingila ta mallaki Indiya ne, kuma a nan nake so ku daɗe, domin labarinmu ne aka fara bugawa a can. Ba gwamnatin Ingila ce ta ci Indiya ba, kamfanin 'yan kasuwa ne, East India Company, wanda aka kafa a Landan a 1600 don cinikin kayan yaji da yadi. Ya shekara fiye da ɗari yana roƙon sarakuna izinin kafa rumbuna a bakin teku. Da daular Mughal ta fara rauni bayan rasuwar Aurangzeb a 1707, sai kamfanin ya shiga rigimar gado da ta sarauta, yana goyon wannan yana kayar da wancan. A yaƙin Plassey na 1757, Robert Clive da soja kimanin 3,000 ya kayar da Nawab Sirajud Daula na Bengal mai runduna wajen 50,000. Ba jarumta ce ta ba shi nasara ba. An riga an sayi sarkin yaƙin Nawab, Mir Jafar, kuma manyan masu kuɗin Bengal ne suka ɗaure wa cinikin gindi. A 1765 kamfani ya karɓi ikon tara harajin Bengal da Bihar da Orissa, da kuɗin harajin nan ya ɗauki 'yan ƙasa aikin soja, har rundunarsa ta kai wajen mutum 200,000. Indiyawa ne suka ci wa Bature Indiya, da kuɗin Indiya. Sai bayan boren 1857 gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannun kamfanin.

Yanzu ku dawo gida. A 1886 aka ba kamfanin George Goldie, Royal Niger Company, takardar izinin ciniki da mulki a bakin Kwara. A farkon 1900 gwamnati ta karɓe daga hannunsa. Rundunar da ta fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903, ta kuma shiga Sakkwato a watan Maris, hafsoshinta ne kawai Turawa, sojojin baƙaƙe ne, da yawansu Hausawa. Shi kansa Lugard a Madras ta Indiya aka haife shi a 1858, a can yankin ya fara aikin soja. Tsarin da ya kafa mana, a bar sarki a kan gadonsa a ajiye masa Razdan a gefe mai ba da "shawarar" da ba a ƙin bi, an daɗe ana aiki da shi a fadojin Indiya kafin a kawo shi Kano. Ko zaɓin da ya fuskanci sarakunanmu, an riga an yi shi a can. Nizam na Haidarabad ya sa hannu a yarjejeniya da kamfani a 1798, gidansa ya ci gaba da sarauta har 1948. Tipu Sultan na Maisur ya ƙi, ya mutu da takobi a hannu a 1799. A nan ƙasar Lautai, Sarkin Gumel Ahmadu ya karɓi Turawa a 1903, masarautar da ko jihadin Shehu bai ci ta ba ta tsira da mutanenta. Haɗeja kuwa ta yi yaƙi a 1906, Sarki Muhammadu ya yi shahada. Wanda ya ji labarin Nizam da Tipu da kyau ba zai yi saurin yanke wa ko ɗaya cikin sarakunan nan namu hukunci ba, zai tambayi abin da kowannensu ya hango da abin da ke hannunsa ranar.

Har dokar da ake yanke hukunci da ita a kotunan majistare na Arewa, wato Final Kod, jikanyar dokar Indiya ce. An tsara ta a jajibirin 'yancin kai bisa ta Sudan, ita kuwa ta Sudan daga dokar laifuffuka ta Indiya ta 1860 aka ciro ta. Kwamitin masana shari'a da gwamnatin Sardauna ta gayyato a 1958, babban alƙalin Sudan ne ya shugabance shi, kuma akwai alƙali daga Pakistan a ciki. Ɗalibin lauya da bai san wannan ba, bai gama sanin littafin da ke hannunsa ba.

Indiya ta sami 'yanci da masarautu fiye da 560. Cikin 'yan shekaru aka shigar da su tarayya aka bar wa sarakunan albashi da girma, a 1971 Indira Gandhi ta soke albashin ma. Mu kuma a ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotu da 'yan doka da gidan yari daga hannun En'e, a 1976 aka kawo ƙananan hukumomi. Hanya ɗaya aka kama, amma su sun yanke igiyar, mu mun sassauta ta ne kawai. Wanne ya fi? Wannan muhawara ce da ta cancanci majalisarku fiye da gardamar ƙwallo.

Inda na fi so ku saurara da zuciya ɗaya shi ne rabuwar 1947. An kawo wani lauya daga Landan, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka ƙasar Indiya ba, aka ba shi mako biyar ya ja layi tsakanin Indiya da Pakistan. Ba a ma bayyana inda layin ya bi ba sai ranar 17 ga Agusta, bayan an gama bikin 'yanci. Mutane sun kwana ba su san a wace ƙasa garinsu yake ba. Wajen mutum miliyan 15 suka bar gidajensu, Musulmi suka nufi Pakistan, Hindu da Sikh suka nufi Indiya. Waɗanda suka mutu, masana sun saɓa, daga dubu ɗaruruwa zuwa fiye da miliyan. Kavita Puri ta yi wa BBC shiri mai suna Partition Voices a 2017, inda tsofaffi ke ba da labarin da bakinsu. Za ku ji wanda maƙwabcinsa ya ɓoye shi, za ku ji wanda maƙwabcinsa ne ya nuna gidansu. Mutanen nan sun shekara ɗaruruwa suna cin kasuwa ɗaya, suna zuwa jana'izar juna. 'Yan watanni na wa'azin ƙiyayya da ji-ta-ji-ta suka isa.

Ku mutanen kan iyaka ne, ba sai an yi maku dogon bayani ba. Layin da ya ratsa arewa da Maigatari, Ingila da Faransa ne suka ja shi a kan takarda a 1898, suka gyara a 1904 da 1906, sannan aka zo aka kafa alamomi. Tumbi, inda sarautar Gumel ta zauna kafin ta koma garin Gumel a 1845, yau tana cikin Nijar. Allah Ya taimake mu namu layin bai zo da jini irin nasu ba, 'yan'uwanmu na Dungas da Magarya suna zuwa kasuwar Alhamis da raƙumansu da shanunsu. Amma kun ga abin da ya faru da aka rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kun kuma gani a 2023 bayan juyin mulkin Yamai. Kun ga yadda kara ta yi shiru, dillalai da 'yan kamasho da masu lodi suka zauna. Layin da wani ya ja a wata ƙasa yana iya shigowa har cikin tukunyar gidanku. Kuma duk ranar da kuka ji wani yana cewa a raba ƙasa kowa ya kama gabansa, kamar rabon gado ne da za a gama kafin la'asar, ku tuna an taɓa gwadawa a Punjab da Bengal.

Akwai mutumin da fim bai cika nuna maku ba, alhali hotonsa ya cika unguwannin talakawan Indiya: Bhimrao Ambedkar. An haife shi a 1891 cikin mutanen da al'adar Hindu ta ɗauka ƙazanta ne a taɓa su. A makaranta a kan buhun da ya zo da shi daga gida yake zama, nesa da sauran yara. Idan ƙishirwa ta kama shi ba shi da ikon taɓa tulun, sai masinjan makaranta ya zo ya tsiyaya masa daga sama, ranar da masinja bai zo ba kuwa haka zai wuni. Yaron nan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Columbia ta Amurka, ya sake yin wani a Landan. A 1927 ya jagoranci dubban mutanensa zuwa tafkin garin Mahad don kawai su sha ruwa. Shi ne ya shugabanci kwamitin da ya rubuta tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairu 1950, wanda ya haramta wannan wariya ya kuma ware masu gurabe a makarantu da aikin gwamnati da majalisa. Ya yi saɓani mai zafi da Mahatma Gandhi, kuma jin ɓangarorin biyu zai nuna maku cewa gwarzon wasu na iya zama abin tuhuma a wurin wasu. Addininmu bai san wannan wariya ba, alhamdu lillahi. Sai dai ina so bayan kun ji labarinsa ku tambayi kanku game da auren da ake fasawa a ƙasar Hausa don an gano kakan yaro mahauci ne, ko wanzami, ko an ce gidansu bayi ne. Ƙarfin abin ya bambanta, amma jijiyar ba ta yi nisa ba.

Ba duk tarihin nan ne baƙin ciki ba. Ga wanda ya shafi 'yan'uwanmu Fulani da duk mai saniya ko akuya a gida. A 1946 manoman gundumar Kaira ta jihar Gujarat suka gaji da yadda wani kamfani guda ke saye madararsu a wulaƙance ta hannun 'yan tsakiya. Suka yi yajin sayarwa, suka kafa ƙungiyar haɗin kai a garin Anand ƙarƙashin Tribhuvandas Patel. A 1949 wani matashin injiniya, Verghese Kurien, ya zo garin, ya kuma zauna. Tsarin mai sauƙi ne. Kowane ƙauye da wurin karɓar madara. Safe da yamma mata su yi layi, wata da kwano ɗaya, wata da bokiti. Mai karɓa ya auna, ya ɗebi kaɗan ya gwada yawan man da ke ciki a gaban mai ita, a rubuta mata a kati, a biya ta gwargwadon nagartar madararta. Mota ta kwashe zuwa masana'anta kafin ta lalace, masana'antar kuma ta su ce, ribar ƙarshen shekara gare su take komawa, har likitan dabbobi ƙungiya ke aiko masu. Wannan shi ne Amul. Daga 1970 aka yaɗa tsarin a faɗin ƙasar, kafin 1998 ta ƙare Indiya ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen madara. Ko fim ɗin da aka yi kan labarin, Manthan na 1976, manoma 500,000 ne suka tara kuɗinsa, kowa rupee 2. Ku dubi 'yar Fulanin da ke tako ƙasa daga ruga da ƙwaryar nono a ka, ta wuni a rana, ta karyar da farashi da yamma don kada ya kwana, alhali shagon da ke bayanta madarar gari ta ƙasar waje yake sayarwa. Ba shanu muka rasa ba. Wani cikinku da ke karatun noma ko kiwo ya kamata ya san labarin Anand kamar yadda ya san hanyar gidansu.

Siyasar yau kuwa sai da taka-tsantsan. Akwai abin koyi: tun 1947 soja bai taɓa kifar da gwamnati a Indiya ba, mu kuwa shekara biyar da 'yan watanni muka yi kafin juyin mulkin Janairun 1966. Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci a 1975, ta ɗaure 'yan adawa, ta rufe bakin jaridu, talakawa suka kayar da ita da ƙuri'a a 1977. Manoma sun yi shekara guda zaune a kan titunan shiga Delhi har gwamnatin Narendra Modi ta janye dokokin noma uku a Nuwambar 2021. A zaɓen 2024 jam'iyyarsa ta BJP ta sami kujeru 240 cikin 543, dole ta nemi ƙawance. Akwai kuma abin tsoro: rushe masallacin Babri a Ayodhya ranar 6 ga Disambar 1992, kisan Gujarat na 2002 da ya ci fiye da mutum 1,000 mafi yawansu Musulmi, da yadda siyasar fifita addini ɗaya ke ƙara ƙarfi har ta shiga fina-finan da ake fassara maku. Dole zuciyar Musulmi ta yi zafi. Amma adalci ya sa ku ji har da kisan da aka yi wa Sikh a 1984, da korar Hindu daga Kashmir a 1990, ku kuma san cewa da yawa cikin lauyoyi da 'yan jaridar da ke tsaya wa Musulmin Indiya Hindu ne. Don bin waɗannan akwai Grand Tamasha na Milan Vaishnav, da The Seen and the Unseen na Amit Varma, wanda hira ɗaya kan ɗauki awa uku ko fiye. Waɗannan sai an yi nisa.

To yaya ake sauraro har ya zama karatu? Muna da tsarinmu tun kafin a ƙirƙiro waya. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji. Kuma ga abin da zai ba ku mamaki. Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya karɓi ijaza a Alƙahira daga Murtala az-Zabidi, mai ƙamus ɗin Tajul Arus, shi kuwa Zabidi a garin Bilgram na Indiya aka haife shi a 1732. Ashe silsilar karatun ƙasar nan ma ta bi ta can. Wannan ladabin nake so ku ɗauka zuwa wayarku. Kafin ku yarda da shiri, ku san wane ne mai maganar, me ya rubuta, wa ke biyan kuɗin shirin, ina ya karkata. Dalrymple mutumin Sikotilan ne da ya daɗe zaune a Delhi, masu kishin Hindu na zarginsa da sassauta wa Mughal. Anita Anand kakanta yana filin Jallianwala Bagh ranar da sojan Ingila suka buɗe wa taro wuta a Afrilun 1919, ya bar wurin jim kaɗan kafin harbin. Amit Varma mai ra'ayin a sakar wa kasuwa mara ne. Sanin wannan ba ya zubar da maganarsu, yana nuna maku inda za ku ƙara bincike. Ku ɗauki Aurangzeb. Wani zai ce ya rushe wuraren bautar Hindu ya dawo da jizya a 1679, gaskiya ne. Wani zai ce ya ba wasu wuraren bautar filaye, kuma Hindu sun fi yawa cikin manyan fadarsa fiye da zamanin magabatansa, wannan ma gaskiya ne. Wanda ya ba ku rabi ya ɓoye rabi, akwai abin da yake nema a wurinku. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp ba suna ba tushe, ko da kuka mai shi yake yi, kada ku tura shi gaba.

Na san abin da wasu za su ce: Turancinmu bai kai ba, data kuma tsada. Maganar data mai sauƙi ce. Sautin awa guda bai cika wuce megabait 60 ba, ƙasa ƙwarai da abin da bidiyon TikTok ke cinyewa a zama ɗaya. Wanda ya shiga Gumel ko ya je kasuwar Maigatari inda sabis ya fi ƙarfi ya sauke kashi goma, ya dawo ya tura wa sauran ta Xender, ko ya ba mai caji ya ajiye a kwamfutarsa kusa da fassara. Turanci kuwa da ji ake samunsa. Ku rage saurin maganar, manhajojin suna da wurin yin haka. Jin farko kaɗan za ku kama, ku sake, ku sake. Ku ajiye ɗan littafi, ku rubuta suna da shekara da kalmar da ta gagare ku, ku buɗe taswira ku ga ina Bengal take ina Punjab. Kashi ɗaya da aka ji sau uku aka rubuta ya fi goma da aka bari suna zuba a kunne ana hira. Mai shirin WAEC ko JAMB zai ga amfanin wannan a takardar Turanci da ta gwamnati. Lokaci kuma akwai shi, wajen noma da cirar riɗi, wajen kiwo, wajen ɗinkin hula da wanke-wanke. Ku 'yan mata, da ku nake musamman, wannan makaranta ce da ba ta buƙatar kuɗin mota ko fita daga gida. Abu ɗaya na hana: toshe kunne a kan babur.

Waɗanda Allah Ya ba Turanci cikinku, ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel da na jami'ar Kafin Hausa, akwai hakkin sauran a kanku. Idan ka gama jin kashi guda ka fahimce shi, ɗauki wayarka ka yi bayaninsa da Hausa cikin minti goma. Ka fara da faɗin sunan shirin da mai gabatarwa, ka raba abin da suka ce da abin da kai kake gani, sannan ka tura wa zauren unguwarku. Masu fassarar fim sun nuna kasuwar kunnen Bahaushe a buɗe take.

Daga nan kuma ku juya wayar ta fuskanci gida. Wata Ba'indiya mazauniyar Amurka, Guneeta Singh Bhalla, ta ga tsofaffin da suka ga rabuwar 1947 suna ƙarewa, ta tara matasa 'yan sa-kai suna bin su da na'urar ɗaukar magana, yau taskar da ta kafa tana da shaidar mutum fiye da 10,000. A Ɗanzomo da Gagarawa da Maigatari akwai waɗanda suka biya haraji da jangali kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979, akwai waɗanda suka ga zamanin gyaɗa, da 'yan doka, da farin 1973, da rigimar NEPU da NPC, da yadda ake zuwa Damagaram kafin a san fasfo. Ku je da sallama da ɗan goro, ku nemi izini kafin ku kunna. A farkon ɗauka ku faɗi ranar da wurin da sunan mai magana, ku yi tambaya gajera ku yi shiru, kada ku katse tsoho ko da ya yi kwana. Ku nemi tsofaffi mata ma, su ne suka san abin da aka ci a shekarar yunwa. In kun gama ku ajiye sautin a wuri biyu, ɗaya a waya ɗaya a kwamfutar wani amintacce, domin memori yana lalacewa.